Hattara da Kwalbar Maganin Idon Tasha: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Jama'a, a yi hattara da 'yar kwalbar nan ta maganin ido da ake talla a tashoshin mota, da cikin motocin haya masu dogon zango, da kasuwannin ƙauye, da kuma yanzu a Facebook da TikTok da WhatsApp. Sunanta ba ya zama wuri ɗaya. Yau a ce daga Indiya ta zo, gobe a ce daga Misra, jibi a ce haɗin gida ne na zuma da habbatus-sauda. Alkawarin dai ɗaya ne kullum: tana narkar da yana ba tare da tiyata ba, tana goge hakiya, tana sauke hawan jinin ido, kuma kafin mako biyu za ka jefar da tabarau.

Yadda ake yin cinikin a tasha shi ne abin lura. Mai talla zai ɗaga kwalba ya ce gwaji kyauta ne, "Baba, matso a ɗiga maka, ba ko sisinka." Ana ɗigawa sai dattijo ya dafe fuska, ido ya yi jajir, hawaye su ɓalle har da majina. Mai talla kuwa sai ya ƙara murya: "Kun gani? Dattin shekara da shekaru ne ke fita. Maganin da bai yi zafi ba ai ba magani ba ne." Bayan 'yan mintoci dattijo ya buɗe ido ya duba gabas ya duba yamma, ya ce wallahi ya fi gani garau. Nan take hannaye su shiga aljihu. Wani lokaci wanda aka fara ɗiga wa ɗan korensu ne, amma ba lallai sai sun yi wannan wahalar ba. Ko mutumin kirki aka ɗiga wa, abin da zai faɗa ke nan, kuma ba ƙarya ya yi ba. Dalilin yana cikin halittar idon kansa.

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai ɗan tudu, kamar gilashin agogon hannu. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuwa kusan rabin milimita ne kawai. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa haske ke ratsa shi. Iskar da yake shaƙa ta cikin hawaye take zuwar masa. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido shi ke yin sa. Sannan a duk jikin ɗan Adam da wuya a sami wurin da jijiyoyin jin zafi suka yi cunkoso kamar nan. Shi ya sa ƙwayar rairayi ɗaya ke hana ƙato sukuni. Da zarar wani abu mai yaji ya taɓa shi, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ma'ajiyar hawaye, wadda ke can sama da ido ta gefen kunne, ta saki ruwa don a kore baƙon. Matar da ke yanka albasa ma haka take zubar da hawaye, ba wanda ya ce dattin idonta ne ke fita.

To me ya sa ake gani garau bayan nan? Saboda fuskar tantanin ba ta yin santsi sai da hawaye a kanta. Hawayen da ke kwance a ido dare da rana haɗi ne na abu uku: wani yauƙi da ke manne su da ido, ruwa mai gishiri-gishiri da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, sai wani maiƙo a sama da ke hana su bushewa. Maiƙon daga fatar ido yake fitowa, ta wasu ƙananan kafofi da ke jere a bayan gashin ido, sama da ashirin a kowace fata. Duk ƙiftawa, kuma mutum kan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, fatar ido ce ke sake shimfiɗa wannan haɗin. Dattijon da ya wuni cikin ƙurar hunturu, ko matashin da ya ƙura wa waya ido har ya manta da ƙiftawa, idonsa a bushe yake, ganinsa dishi-dishi. Ka sa shi ya yi hawaye, fuskar idon ta jiƙe, gani ya washe na ɗan lokaci. Abin da ya biya kuɗi a kansa ke nan: hawayensa aka sayar masa. Kafin motar ta bar gari dishi-dishin ya dawo.

Cututtukan da suke lissafawa kuwa ba wuri ɗaya suke ba, balle kwalba ɗaya ta ishe su. Yanar da ke makantar da tsofaffi can ciki take, a bayan baƙin ido, inda wani ɗan madubi da Allah ya halitta garau yake yin hazo saboda shekaru ko ciwon suga ko buguwa. Ba datti ba ne da za a wanke. Har yau babu wani maganin ɗigawa da aka tabbatar yana narkar da ita, aiki ake yi a cire madubin a sa na roba. Hakiya tabo ce a cikin naman tantanin gaba. Fatar saman tantanin tana da saurin warkewa, ƙaramin ƙarzuwa kan rufe cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma in gyambo ya nutsa ƙasa da ita, farin tabo yake bari, kuma tabo ba ya goguwa da ruwan kwalba. Hawan jinin ido shi ne mafi sharri a wannan ciniki. Jijiyar gani yake cinyewa a hankali ba zafi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Maganin asibiti tsayar da shi yake yi, kuma ana ɗiga shi ne har ƙarshen rayuwa. Mai talla ya san masu wannan cuta sun gaji da sayen magani wata-wata, shi ya sa yake ce musu "kwalba uku ka rabu da shi." Wanda ya ajiye maganin likita ya kama nasu, ba zai ji komai ba sai ranar da ya fara karo da ƙofa.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Wato masu neman mafita suna da yawa, kuma su ne kasuwar waɗannan mutane.

Me ke cikin kwalbar? Ba wanda ya sani sai wanda ya dura ta, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin guje mata. In an yi sa'a, ruwa ne da wani abu mai yaji ko sanyi-sanyi. Akwai kuma wanda ake zuba wa sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jinin farin ido, ido ya yi fari tas na 'yan sa'o'i, in ya sake shi jan ya dawo fiye da da, sai ka koma ka sake saye.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai sitiroyid, wato sinadarin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, irin su dezametason da betametason. Wannan yana aiki, kuma aikin nasa ne tarkon. Ƙaiƙayi ya tsaya, ja ya tafi, mutum ya shiga yabon magani yana ba maƙwabta. Likitocin ido ma suna rubuta shi, amma sai sun duba tantanin da na'ura, kuma suna auna ƙarfin ruwan ido, wanda hauhawarsa ke kawo hawan jinin ido, suna ƙidaya kwanaki. Kusan mutum ɗaya cikin uku, in ya yi makonni yana ɗiga shi, ƙarfin ruwan idonsa yakan hau. Dogon amfani da shi yana haifar da yanar ido da kuma hawan jinin ido, cututtukan nan biyu da aka ce yana warkarwa. Yara masu ƙaiƙayin ido na shekara-shekara, waɗanda farin idonsu ke rinewa ya yi ruwan ƙasa, su aka fi cuta da shi, don iyaye na ganin sauƙi sai su yi ta saye ba iyaka.

Sai manomi lokacin kaka. Ganyen dawa ko kan gero ya ƙarce masa ido, wani irin naman gwari da ke jikin tsiro ya shiga ƙarzuwar. In aka ɗiga sitiroyid a wannan ido, an ɗaure hannun garkuwar jiki ke nan. Zafi zai lafa kwana biyu, gyambo kuma yana ta nutsawa cikin abin da kaurinsa rabin milimita ne. Daga nan sai hakiya, ko tantanin ya huje ido ya tsiyaye.

Ko babu komai a ciki sai ruwa, tsabtar ruwan fa? Maganin ɗigawa na gaskiya a ɗakin da aka kashe duk ƙwayoyin cuta ake dura shi, kuma galibi ana so a zubar da shi bayan kwana 28 da buɗewa. A 2023 a Amurka, wani ruwan jiƙa ido mai suna EzriCare, wanda wani kamfanin Indiya ya yi, ya gurɓata da ƙwayar cuta mai jure magunguna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum 81 a jihohi 18. 14 sun rasa gani, an cire wa huɗu ƙwayar ido, huɗu sun mutu. Wannan fa daga masana'anta ya fito, da kwali da hatimi. Ina ga wanda aka dura da mazurari a bayan shago, ya wuni cikin rana a jakar mai talla, kuma bakin kwalbar gwajin ya taɓa gashin idon duk wanda ya matso, har da mai apolo?

Na intanet salonsu daban ne amma kayan ɗaya ne. Bidiyo ne na wani cikin farar riga da ba a faɗi asibitin da yake aiki ba, da hoton ido fari fat a hagu, baƙi wuluk a dama, da ruwan sharhi na "Allah ya saka, mahaifiyata ta warke" daga shafukan da ba su da tarihi. Za a ce ragi na yau ne kawai, sai ka sayi uku ne cikakken magani, kuma ka biya in kaya sun iso. Ba adireshi, sai lambar waya. In ka dawo da ƙorafi a ce ba ka kiyaye ƙa'ida ba, ko a toshe ka. Suna kuma son cewa a ɗiga uku-uku sau biyar a rana. Ido ko ɗigo ɗaya ba ya iya riƙewa duka. Saura kan kumatu yake gangarowa, ko ya bi wata 'yar kafa da ke lungun fatar ido ta gefen hanci ya sauka maƙogwaro, shi ya sa ake jin ɗacin magani a baki. Uku-ukun nan don kwalba ta ƙare da wuri ne.

Lambar NAFDAC da suke nunawa ma a duba ta da kyau. Ana iya buga kowace lamba a kwali, don haka a bincika sunan maganin a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, a ga ko lambar da sunan sun dace. Magungunan gargajiya da aka yi wa rajistar wucin gadi lambarsu kan ƙare da harafin L, kuma wannan ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da ake faɗa. Ba ina kushe zuma ko habbatus-sauda ba ne. Rubuta sunansu a jikin kwalba dai ba ya gaya maka abin da aka zuba a ciki, kuma masu wannan sana'a sun san sunayen da ke sa mutanenmu su saki jiki.

Na san abin da ke tura mutane gare su: kuɗin asibiti, nisa, layi, da tsoron aiki. Har yanzu akwai masu cewa ana ciro ido ne a wanke a mayar. Ba a ciro ido. Aikin cire yanar ido galibi bai kai rabin sa'a ba, ana kashe zafin wurin ne mutum na farke, washegari a buɗe bandeji. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, kuma ana yin gangamin aikin ido kyauta ko da rangwame lokaci-lokaci. Wanda gashin idonsa ya lanƙwashe ciki yana gogar tantani, shi ma ƙaramin aiki ne a fatar ido ke gyara shi. Tsige gashin da ɗiga ruwan kwalba ba sa hana shi tsirowa ya ci gaba da ƙarzar idon.

Wanda ya riga ya saya, ya daina ɗigawa, amma kada ya jefar da kwalbar. Ya tafi da ita asibitin ido ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana amfani da ita, ya nemi a auna masa ƙarfin ruwan ido ko da ba ya jin komai. In an ɗiga wani abu ido ya kama ƙuna, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya, kada a sa nono ko ruwan suga ko kwalli, balle fitsari. Zafi mai tsanani, ko kasa kallon haske, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko raguwar gani farat ɗaya, duk na zuwa asibiti ne a ranar, ba a kwana da su. Mai hawan jinin ido da ya ajiye maganin likita ya koma kan maganin likitan, ya je a sake duba shi. Kwalin da lambar wayar mai tallan kuma a kai su ofishin NAFDAC na jiha.