Dardumar saƙar hannu: ta Turkmen, ta Baluchi, ta Ƙashƙai ko ta Maroko?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon darduma a Jidda ko Dubai ya san yadda ido ke raina fata. Mai shago zai yi ta warware maka su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya ce saƙar makiyaya ce, kowane zane kuma da labarinsa. Wani labarin gaskiya ne, wani kuwa daɗin baki ne na ciniki. Shawarata ita ce ka fara duba saƙar, ka tuna ɗakin da za ka shimfiɗa ta, sannan ka saurari labari.

Wadda za a fi nuna maka ita ce jar nan mai tambari jere reras, da ake ce wa Bukhara. Asalinta ba saƙar birnin Bukhara ba ce, kasuwarsa ce ta ara mata suna. Matan Turkmen ne ke saƙa ta, tambarin nan mai kusurwa takwas kuma sunansa gul. Manyan ƙabilunsu, irin su Tekke da Yomut da Saryk, kowacce da irin nata, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Darajar abin ta kai har an sa guda biyar a tutar Turkmenistan, kuma a 2019 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wannan sana'a cikin al'adun gado na duniya. Jan tsofaffin daga saiwar wani tsiro ake samunsa, shi ya sa in ya tsufa yake yin sanyi a ido maimakon ya koɗe. Sai dai a yi hattara: da yawa cikin masu wannan suna a yau a Pakistan ake saƙa su. Na hannu ne, suna da laushi, amma bai kamata a saya su da kuɗin ta Turkmen ba.

Ni dai zuciyata tana wajen ta Baluchi, wadda ake saƙawa a iyakar Iran da Afganistan, wajejen Khurasan da Herat. Yawanci ƙarama ce, launinta mai duhu: shuɗi kamar an tsamo daga karofi, ja mai kama da hanta, wani lokaci da fili ruwan gashin raƙumi. Da yawansu na salla ne, da siffar mihirabi a sama da bishiya mai rassa a tsakiya, wadda ake fassarawa da rayuwa da albarka. Ba ta da ƙyalƙyali. Sai ka zauna a kanta da la'asar, haske ya faɗo mata a karkace, sannan za ka ga launukan da ba ka lura da su a shago ba. Ga ta da ɓoye ƙura, farashinta kuma galibi bai kai na sauran ba.

Ta Ƙashƙai, makiyayan lardin Fars na Iran da ke kewayen birnin Shiraz, ita ce mai fara'a. Matan kan kafa masaƙarsu a kwance a ƙasa, su yi saƙa da ka ba tare da zane a takarda ba, don haka za ka tarar da 'yan tsuntsaye da awaki da furanni warwatse, wannan ya ɗan fi wancan girma. 'Yar'uwarta gabbe ta fi kauri da sauƙin ado, wani lokaci da zaki guda a tsakiya, alamar jarumta. Wanda ba ya son surar mai rai a inda yake salla ya duba da kyau kafin ya biya, domin dabbobin ƙanana ne, suna ɓuya cikin ado.

Farar nan ta Maroko mai baƙaƙen layuka da ke haɗuwa su yi siffar lu'ulu'u, wato Beni Ourain, ita ake yayi a hotunan intanet. Ana cewa siffar tana nuni da mace da haihuwa, wasu kuma su ce tsari ce daga kambun baka. Wannan al'adarsu ce, tsari dai na Allah ne. Kyau kam tana da shi, amma don sanyin duwatsun Atlas aka yi ta, inda ƙanƙara ke sauka. Farin ulu mai dogon gashi a falon da yara ke ci a ƙasa, ga ƙurar hunturu, wahala za ka saya wa uwargida. In har ta Maroko kake so, nemi mai shafaffen saƙa marar gashi, da suke kira hanbal. Ba ta da nauyi, mutum ɗaya zai fitar da ita ya kakkaɓe.

Kowacce ka zaɓa, juya bayanta. Ta hannu zanenta na fitowa sarai ta baya, ƙulle-ƙullen kuma ba su zama daidai wa daida. Gezarta zaren jikinta ne da ya zarce, ta inji kuwa sau da yawa ɗinka mata ake yi. In ka ga launi ya ɗan sauya a tsakiyar fili, kada ka ɗauka aibi ne: zaren da aka rina ne ya ƙare aka ci gaba da na wani rinin. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan jan, in ya kama sosai to rinin zai zuba ranar wanki. Ka kuma roƙi a ba ka ɗan silin zare ka ƙona: ulu ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

In ta iso gida, kada a shimfiɗa ta a kan siminti mai danshi, musamman da damina. A riƙa ɗaga kujerun da ke kanta ana sharewa, domin a wurin duhu da ba a takawa asu ke fara ɓarna. In za a ajiye ta, a naɗe ta kamar tabarma, kada a ninke.