Injin zuƙe toka na murhun pelet: abin da na gani bayan sanyi biyu

Da muka kafa murhun pelet a falo, wannan mai cin ƙwayoyin garin katako, na ɗauka tsintsiya da ɗan cebur sun isa wajen kwashe toka. Ashe tokarsa laushi gare ta kamar hoda, da ka taɓa ta sai ta tashi. Ranar da na gwada injin shara na gida, ƙurar ta ratsa matacinsa ta fito ta baya, ta sauka kan labule da kujeru, injin kuma bai ƙara jan kirki ba. Shi ya sa na sayi injin zuƙe toka, wanda aka ƙera domin wannan aikin, yau sanyi biyu ke nan ina aiki da shi.

Nawa durom ne na ƙarfe mai cin lita 20, da tiyo mai ƙarfe a ciki, da baki na alminiyom, sai mataci mai ninki-ninki a ƙarƙashin murfi. Ba shi da nauyi, hannu ɗaya ke ɗaukarsa.

Inda ya fi burge ni shi ne kaskon wuta. Duk bayan kwana biyu, da safe, bayan murhun ya kwana a kashe ya huce sarai, nakan zare filogi in ciro kaskon. Gindinsa cike yake da ƙananan huji, ta nan iska ke shigowa ta hura wutar. Idan suka toshe, za ka ga harshen wuta ya yi ja-ja yana lilo kamar mai jin barci, gilashin ƙofa ya yi baƙi cikin yini ɗaya, wani lokacin ma murhun ya ƙi kamawa. Injin yana tsotse tokar da ke cikin kaskon da wadda ta zube ƙarƙashinsa, har da bakin ramin da ƙarfen kunna wuta ke leƙowa, wurin da yatsa ba ya kaiwa. Minti biyar na gama. In na kunna, wutar takan tashi rawaya mai haske, a tsaye, tana rawa da ƙarfi. Wallahi ganin wannan kaɗai yana faranta mini rai.

Amma kada a ce ban faɗa ba, injin ba ya kankara. Wata tokar takan narke ta daskare a gindin kasko kamar kashin maƙera, kuma komai ƙarfin jansa ba ya ɓamɓare ta. Sai na sa ƙarfen kankara, in bi hujin ɗaya bayan ɗaya da ƙusa, sannan in zuƙe.

Babban aibinsa mataci ne. Bayan shara uku ko huɗu jan yakan ragu, ƙarar ta sauya, dole in fita da shi waje in kakkaɓe. Na taɓa wanke shi na mayar bai gama bushewa ba, toka ta manne masa kamar laka, sai sabo na saya. Tiyon ma gajere ne, bakin kuma ya yi faɗi, ba ya shiga tsakanin bututan da ke ɗumama iska a saman wuta. Can sai siririn buroshi ya kakkaɓo kunkunniyar ƙasa tukuna. Ƙara kuwa akwai ta, ba na kunna shi in yara na barci.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: durom ɗin ƙarfe ne, amma matacin ciki yana iya kamawa. Garwashi kan ɓuya cikin toka ya daɗe da ransa, fiye da yadda mutum ke zato. Sai na tabbata ta yi sanyi ƙalau nake zuƙa, kuma ina gamawa in juye a bokitin ƙarfe mai murfi a waje.

Yawan aikin da injin zai yi yana ga irin pelet ɗin da ka zuba. Mai tambarin ENplus A1, wato shaidar ingancin pelet, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100, danshinsa ba ya wuce kashi 10. Buhu mai kilo 15 ke nan zai bar maka toka wajen giram 100, ko ƙasa da haka. Na taɓa ƙona wasu buhuna da suka sha danshi a ma'aji, suka farfashe suka koma gari. A makon da na ƙona su kullum sai na share kasko, kuma da injin nan na kwashe garin da ya taru a gindin rumbun pelet kafin ya cushe ƙarfen da ke murɗo su cikin wuta.

Bututun hayaƙi da fankar da ke fitar da shi kuwa ba aikinsa ba ne, mai gyara ke zuwa sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo. Shi ya nuna mini yadda ake gwada igiyar da ke zagaye da ƙofar murhun, mai toshe kafar iska: ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja, in ta zare cikin sauƙi igiyar ta gaji. Na'urar gargaɗin kabon monoksaid, iskar nan mai guba, ma tana nan a bango, ina duba batirinta.

In injin zuƙe tokar nan ya lalace, irinsa zan sake saya, sai dai zan nemi mai dogon tiyo da siririn baki, in haɗa da mataci na biyu tun a ranar.