Gidan da ba shi da katanga: wasiƙa daga wani ƙauyen Indonesiya

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah ya sa ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Tambayoyin da ka jero mini ranar Juma'a sun fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa shi a fili tunda ba kai kaɗai ke yi mini su ba. Ka ce ana barci da ido biyu a rufe a nan kuwa? Filin da muka yi gini a kai nawa ne? Abin da nake samu yana isa, ko rufin asiri ne kawai? A ƙarshe ka tambaya ko a sayar da rabona na gonar Baba.

Bari in fara da barcin, don na san shi ya fi ci maka rai tun da noman gonakin bayan rafi ya gagara.

Ƙauyenmu yana gundumar Bantul, kudu da birnin Yogyakarta, a tsibirin Jawa. Mutanen tsibirin su ne waɗanda alhazanmu ke cin karo da su a Makka ana ce musu 'yan Jawa. Gidaje ne a tsakanin fadamun shinkafa da itatuwan kwakwa da ayaba. Ranar da surukina ya fara kawo ni, abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu katanga. Babu zaure, babu ƙofar ƙarfe, babu fasassun kwalabe a kan bango. Daga bakin hanya kana hango tabarmar mutum da takalmansa da buhunan shinkafarsa a baranda. Na fi wata guda ina farkawa tsakar dare ina laluben sakata.

Daga baya na gane katangar tana nan, ba dai ta ƙasa ko bulo ba ce. An yanka kowane ƙauye zuwa ƙananan unguwanni da ake kira RT, kowace da gida talatin zuwa hamsin ko kusa da haka, maƙwabta ne kuma ke zaɓen shugabanta daga cikinsu. Ana ce masa Pak RT. Namu manomi ne mai kiwon agwagi. A bakin kowace unguwa akwai rumfa ta gadi, kuma duk namijin da ya mallaki hankalinsa yana da darensa a mako. Sintirin nan shi ake kira ronda. Nawa daren Talata ne, mu shida, daga bayan ƙarfe goma har kusan uku. Ba a biyan kowa ko sisi. Malamin makaranta yana ciki, mai gyaran babur yana ciki, ni baƙo baƙar fata ina ciki, wanda kuma uzuri ya hana shi zuwa ya aiko ɗansa ko ya biya ɗan abin shayi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gwangwani. A jikin ƙofar kowane gida akwai ɗan gwangwani ko ƙoƙon roba a rataye. Da magariba uwargida za ta jefa masa rupiya 500 (rupiya ce kuɗin ƙasar), a da ma shinkafa ce ɗan abin da yatsu suka ɗebo, daga nan sunan ya fito, jimpitan. Mu masu sintiri dole mu bi gida gida mu juye. Kuɗin ba wani abu ba ne, da shi ake sayen ƙwan fitilar titi da kujerun taro da likkafani idan an yi rasuwa. Amma dubi abin da ya haifar: babu ƙofar da ba a taɓa ta ba kowane dare. Wanda ya manta baburinsa a waje za a ƙwanƙwasa masa. Tsohuwar da gwangwaninta ya kwana biyu babu komai, da safe za a tura mata a duba ko lafiya. Sau ɗaya haka muka tarar da wata tsohuwa mai zaman kaɗaici ta faɗi a bayi tun la'asar, muryarta ta dishe da kira. Da ba don gwangwanin nan ba, sai dai wani labarin.

A rumfar akwai kuge na itace, kututture ne da aka rarake aka tsaga masa baki, sunansa kentongan. Kowane irin bugu da ma'anarsa, an rubuta a allo an manna: bibbiyu ɓarawo, uku-uku gobara. Kowa yana da waya, unguwa tana da zaurenta na WhatsApp, amma ba su yar da kugen ba, domin waya ba ta tada mai barci kamar yadda yake tada shi.

Akwai kuma dokar baƙo. An rubuta ta a mashigar unguwa: baƙon da zai wuce awa 24 sai an kai rahotonsa wurin Pak RT. Da na fara ganinta sai na tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya barin baƙo ya kwana biyu a zaure bai kai shi ya gaida mai unguwa ba. Mu ma da abinmu, sakinsa muka yi. Ni kaina sai da na kai fasfo da takardar izinin zama da takardar aure aka kwafa. Ba zan ɓoye maka ba, da farko an yi ɗari-ɗari da ni. Sunan Najeriya a nan yana da tabo saboda masu safarar ƙwaya, har an zartar wa wasu 'yan ƙasarmu hukuncin kisa a 2015 da 2016, kuma mutanen ƙauye sun gani a talabijin. Abin da ya wanke ni ba takarda ba ce. Sahun asuba ne, da fitowa aikin gayya ranar Lahadi da fartanya ana share magudanar ruwa, da zama a sadakar mamaci. Suna yin ta uku da ta bakwai da ta arba'in kamar mu, su ƙara da ta ɗari har da ta kwana dubu.

Kada ka ɗauka babu ɓarayi. Ana satar babur, ana satar kaji da akuya, wani lokaci har injin ban-ruwa a gona. Bara cikin damina, wajen ƙarfe biyu, na ji kugen yana tashi bibbiyu ba ƙaƙƙautawa. Kafin in sa riga hanya ta cika da maza da gorori da tocila. An kama shi a bakin fadama, ƙafarsa ta nutse a taɓo, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, da ɗan ƙarfen da suke fasa makullin babur da shi a aljihu. Mutanen nan da ba ka jin sun ɗaga murya, waɗanda in za su gifta ka sai sun sunkuya, na ga sun koma wasu daban. Kafin dattawa su iso an fasa masa baki. Pak RT ne ya ratsa ya rungume shi ta baya, ya ja shi cikin rumfa ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har ɗan sandan da ke kula da ƙauyen ya iso. Kowane ƙauye akwai ɗan sanda ɗaya da soja ɗaya da aka ɗora wa alhakinsa, kowa yana da lambarsu. Daren nan ban runtsa ba. Ɗaukar doka a hannu ciwo ne da su ma suke fama da shi, a wasu wuraren ba a samun mai shiga tsakani da wuri.

Na san za ka ce me ya hana mu yin irin wannan a gida. Ba zan yarda a raina mutanenmu ba. 'Yan sintirinmu sun yi abin da ya fi wannan, da yawansu sun biya da rayukansu. Bambancin shi ne ɓarawon nan da ɗan ƙarfe yake zuwa shi kaɗai ko su biyu, namu kuwa a kan babura hamsin yake zuwa da AK-47. Mallakar bindiga a ƙasar nan abu ne mai tsananin wuya, tun da na zo ban ji ƙararta ba. Gora da kuge suna tsare gari ne a inda hukuma ta riga ta hana bindiga yawo.

Abin da mutanen nan ke tsoro da gaske ƙasar ce kanta. Ranar Asabar 27 ga Mayu 2006, da sassafe kafin ƙarfe shida, girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 5,700, akasarinsu a nan Bantul. Surukata ta rasa ƙanwarta a ƙarƙashin rufin ɗaki. Har yau ba ta yarda a zare mabuɗi daga jikin ƙofa da dare, kuma ta hana mu sa kabad kusa da gadon yara. A arewa kuma ga dutsen Merapi, wanda aman wutarsa na 2010 ya ci rai sama da 300. Da muka zo gini, magini bai saurare ni ba da na ce a rage rodi. Ya ce ginshiƙi da ɗaurin sama ba wurin tsimi ba ne. Sau uku ina jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, kwanuka suna kaɗawa, kuma babu sabo da abin. Sai zazzaɓin dengi da sauro ke kawowa da damina, da haɗarin babur, wanda a ganina ya fi ɓarayi cin mutane.

Yanzu maganar fili, wadda ita ce mai ɗaci. A'a, Yaya, ba nawa ba ne, kuma ba zai taɓa zama nawa ba muddin ina riƙe da koren fasfo. Dokar ƙasa ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik, ga ɗan ƙasa kaɗai. Baƙo iyakarsa haya ko izinin amfani na wasu shekaru. Abin bai tsaya nan ba: a dokar aurensu, dukiyar da aka samu bayan ɗaurin aure ta miji da mata ce tare, don haka matar da ta auri baƙo ita ma tana iya rasa damar sayen fili da sunanta, sai in akwai yarjejeniyar raba dukiya. Da can sai kafin aure ake iya yin ta. A 2016 ne kotun tsarin mulki ta yarda a yi ta ko bayan aure. Mu ba mu san da wannan ba sai da muka tashi saye. Muka je gaban mai hatimin hukuma na sa hannu cewa abin da ke da sunanta nata ne ita kaɗai. Gumina ne a cikin kowane bulo, amma a takarda ni mai zaman alfarma ne. Na yarda da matata, iyayenta mutanen kirki ne, sai dai hannuna ya yi nauyi ranar. Yaran kuma suna da ƙasa biyu yanzu, in sun kai shekara 18 dole su zaɓi ɗaya.

Filin farko da muka so saya ma Allah ne ya tsare mu. Mai shi ba shi da satifiket, sai tsohon rubutu a littafin ofishin ƙauye da sunan kakansa. Da aka bincika, magada tara ne, biyu suna aiki a Malesiya ba su ma san ana ciniki ba. Irin rigimar gadon da ka sani ce sak. Tun 2017 gwamnati ke bi ƙauye ƙauye tana auna filaye tana raba satifiket, wanda muka saya daga baya yana da nasa.

Batun kayan masarufi ba zan ja shi ba. In kana son lissafi, cire sifili ɗaya daga rupiya, za ka kusanci naira. Wuta ba ta ɗaukewa sai in itace ya faɗa wa waya, kati muke saye mu loda, kuma a duk unguwar nan babu mai janareta. Sai dai an ƙayyade wa kowane gida ƙarfin da zai ja: in aka haɗa dutsen guga da tukunyar shinkafa da injin jan ruwa, mita ta katse. Girki da gas ne, wata ƙaramar koriyar tukunya mai kilo 3 da gwamnati ke tallafa wa, a shagon unguwa wajen rupiya 20,000. Man fetur mai tallafi 10,000 lita. Inshorar lafiya ta ƙasa, BPJS, wadda ta fara a 2014, a mataki mafi arha rupiya 35,000 ce kowane mutum a wata. Da ita aka yi wa matata awo har haihuwa, kuma duk wata mata na taruwa a gidan mai unguwa a auna jarirai a yi rigakafi. Akwai layi, akwai jira, amma ba a ce ka je ka sayo safar hannu da allura kafin a taɓa ka.

Inda suka gaza mu shi ne nama. Kilo na naman sa ya haura rupiya 120,000, ga mafi ƙarancin albashi a yankin nan bai fi miliyan 2 da 'yan kai ba a wata. Talaka waken suya yake ci, a soya shi a matsayin tempe (waken da aka tsima aka dunƙule) ko awara, sai ƙwai da kifi. Naman sa sai Babbar Sallah, inda mutum bakwai ke haɗa kuɗi su yanka sa guda a raba wa unguwa. Babu gero, babu dawa, babu fura da nono. Indomie kuwa da yaranka ke ɗauka ta Najeriya ce, asalinta nan ne, sun yi mamaki da na ce har ƙauyenmu ana cin ta. Abin da nake samu daga koyar da Larabci da Turanci yana riƙe mu, ba ya tara mana. Samarin ƙauyen ma yawancinsu sun tafi Jakarta ko ƙetare neman kuɗi, tsofaffi ne a gona.

Saboda haka ga amsar abin da ka tambaya a ƙarshen saƙonka: kada a sayar da rabona na gonar Baba, ko da shekara nawa za ta yi ba a noma ta ba. In Kawu ya sake tada maganar ka ce ni na hana. Idan ɗalibin nan da zai dawo Yogyakarta bayan Sallah bai tashi ba tukuna, a ba shi kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su sosai a leda biyu. Ka gaida Inna, ka ce mata jikarta ta fara cewa "sannu". Yau Talata, ga shi har an fara buga kugen kiran masu sintiri a rumfa, sai na dawo.