Dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada

Rediyon marigayi Baba, mai cin kaset, ta shekara 7 a ƙarƙashin gado, ko tari ba ta yi. Na kai ta wajen wani dattijo a Tudun Wadan Zariya, ta hanyar Ƙofar Doka. Shagon kamar akurki, wurin zama ma babu.

Ya kwance bayanta, ya hure ƙura da ƙwan kyankyaso, ya ce, "Ɗana, bel ne ya tsinke." Naira 2,500 ya nema, ban yi ciniki ba. Aibinsa ɗaya, jibinsa ba ta zuwa. Sai da na yi sawu uku.

Ashe kaset ɗin kalangun da Baba ke saurare bayan la'asar yana ciki. Ina kunnawa a tsakar gida Inna ta ajiye tankaɗe, ta ce in ƙaro murya.