Sharhi: Zaman kine a Yamai ga mai ciwon Parkinson da gajiya ta kayar

Cibiyar kine, wato jinya ta hanyar motsa jiki, da muka kai mahaifina a Yamai ta ci kuɗinta, ko da yake ba abin da ya kai mu ne ya fi yi mana amfani ba. Karkarwar hannu da sanƙarewar jiki suka taso mu daga Tawa, bisa shawarar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke duba shi tun da aka tabbatar ciwon Parkinson ne. Amma a gida, abin da ya fi cin Baba gajiya ce. Ya kwana lafiya, ya yi asuba, kafin hantsi ya ɗaga sai ya ce jiki ya mutu. Majalisa ta gagare shi, kasuwa ta gagare shi, jam'i ma ya koma sai ranar Juma'a. Dangi kowa da tasa: wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce ya saki jiki ne, wata gwaggonmu kuma ta aiko da maganin ƙarin jini.

Ranar farko mai kine ɗin bai sa shi ya taɓa ko na'ura ɗaya ba. Ya jawo kujera ya zauna gabansa da wata takarda mai tambayoyi 9, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 7, yana karantawa da Faransanci yana mayarwa Hausa. Da ya gama sai ya ce, "Alhaji, wane lokaci ne ƙarfin ke yanke muku a yini?" Tun da ciwon ya fara babu wanda ya taɓa yi wa Baba wannan tambaya, har mu ƴaƴansa. Ni kuma ya ce in samo ɗan littafi in riƙa rubuta lokacin shan magani, lokacin cin abinci, da lokacin da gajiyar ke saukowa.

Shi ya fara gaya mana cewa wannan gajiya daga cikin ciwon take. Kusan rabin masu Parkinson na fama da ita, wasu ma tana riga karkarwar zuwa, kuma ba ta bin tsananin karkarwar: sai ka ga mai ɗan rawar hannu kaɗan ya fi kowa galabaita. Da muka koma randebu wurin likita na ɗaga maganar, ya gaskata shi, daga baya ni ma na bi diddigi.

Abin da na fahimta ke nan. Ciwon yana kashe ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamin a wani ɗan baƙin gurbi can cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da maganin lebodopa don cike giɓin, kuma yana sassauta sanƙarewa da nauyin motsi sosai. Gajiyar ce ba ta cika jin wannan magani ba. A 2010 masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya, suka ga masu gajiya suna da raunin wani sinadarin dabam, serotonin, a sassan da ke kula da motsi da kuzari. A 2016 kuma wasu a Italiya suka yi amfani da wani nau'in IRM, wato hoton cikin jiki da na'ura, da ke auna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki tare yayin da mutum ke kwance bai yin komi. Sun duba sabbin marasa lafiya da ba su fara shan magani ba. A wurin masu gajiya, haɗin sashen da ke shirya motsi kafin a yi shi ya yi rauni, haɗin sassan da ke aiki lokacin da hankali ya koma cikin tunani kuma ya ƙaru. Na kwatanta wa Baba da hanyar Tawa zuwa Yamai: Konni na nan, Dogon Dutsi na nan, Doso na nan, amma in kwalta ta farfashe a tsakani, mota za ta iso, sai dai ta sha esansi fiye da ƙima. Ya yi shiru, sannan ya ce in maimaita wa Inna haka.

A nan zan ja hankalin masu jinya. Wancan hoto na bincike ne. IRM da ake ɗauka a asibiti yawanci ba ya nuna wani abin a zo a gani a kan mai Parkinson, ana yin sa ne don a tabbatar ba wani ciwon ba ne. Kada wani ya sayar da rago don neman hoton gajiya. Mai kine ɗin da bakinsa ya hana mu, kuma daga nan na ƙara yarda da shi.

Aikin kansa ba shi da wani ƙawa. Tafiya da manyan taku ana ƙirga masa da ƙarfi, keken da ba ya tafiya, tashi da zama a kujera, miƙa hannuwa har ƙarshensu, da ɗaga murya, don muryar Baba ta fara shigewa ciki. Abin da ya bambanta shi ne lokaci. Da ya duba littafin nan, sai ya mayar da zaman da safe, daidai sa'ar da magani ya kama jiki. Ya kuma lura Baba na haɗiye ƙwayar da hura da nono. Ashe nono, nama, ƙwai da wake suna gasa da lebodopa a hanji, shi ya sa ake so a sha kamar rabin awa kafin abinci. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana tare shi in an haɗa su lokaci ɗaya. Duk da haka bai taɓa ordinansi ba. Cewa ya yi, "Wannan ta likita ce, ku kai masa littafin." Ya auna tansiyo a kwance da a tsaye, ya ga tana faɗuwa in Baba ya miƙe, abin da ke yawan samun masu wannan ciwo, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 a Yamai. Ya nace a kan shan ruwa da tashi a hankali, ya ce a yi awon jini don ƙarancin jini da suga da aikin tiroyid da ke wuya, ya kuma tambayi Baba a keɓe ko zuciyarsa na yawan ɓaci, tunda baƙin ciki da rashin barci na ƙara wa gajiyar nauyi.

Inda ya fi burge ni shi ne da ya ajiye takardar atisayen da aka bugo daga Turai ya ce a shimfiɗa tabarma. Ya koya wa Baba yadda zai tashi daga ƙasa ta gwiwa ɗaya, yadda zai taso daga sujada, inda zai aza buta don kada ya sunkuya da yawa wajen alwala. A tabarma da masallaci rayuwar dattijonmu take, can ya kamata kine ya same shi.

Gajiyar ba ta tafi ba, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin za ta tafi. Amma sa'o'in da Baba ke da ƙarfi sun faɗaɗa. Yana raba ayyukansa, yana ɗan rintsawa bayan azahar, magariba kuma yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma ba ƙarami ba ne. Ba a riƙe lokacin randebu. Ga mai ciwon baya jira ɓacin rai ne kawai, amma mai Parkinson in ya daɗe a benci ƙarfin maganin zai wuce kafin a kira shi, a yi zaman da jiki sanƙare, a kuma biya cikakken kuɗi. In wuta ta ɗauke, ɗakin atisayen ba ya zaunuwa don zafi. Akwai matakala a bakin ƙofa babu abin dafawa, a wurin da yawancin masu shiga ƙafarsu ba ta da tabbas. Wani lokacin kuma ɗalibi mai koyon aiki ake bar mana ba tare da an sanar da mu ba. Yaron na da ladabi, amma bai san tarihin Baba ba.

Mu mutanen nesa ba a yi tanadinmu ba ko kaɗan. Fiye da kilomita 500 ke tsakanin Tawa da Yamai, ga kuɗin mota, ga nauyin da ake aza wa dangin da aka sauka gidansu. Cibiyar ba ta da wani tsari na bin wanda ya koma gida, takardunta duk da Faransanci suke. Mai kine ɗin ne don kansa ya yarda na ɗauki bidiyon atisayen da waya, yana kuma amsa saƙona ta WhatsApp in abu ya shige mana duhu. Wanda zai kai nasa ya nemi zaman safe tun daga farko, ya tafi da ordinansi da kwalayen magani gaba ɗaya, ya kuma roƙi a bar shi ya ɗauki bidiyon kafin ranar komawa.