Tiyon kulan mai na tsohuwar Marsandi: sabo, tokunbo, ko a sake ɗaure tsohon?

Duk mai tsohuwar Marsandi mai shan gas, musamman 300D samfurin W123 da aka fara ƙerawa a 1976, ya ɗaga bonet ya leƙa gefen lagireto ta ɓangaren direba. Zai ga wata 'yar siririyar lagireto a tsaye. Ita ce kulan mai, aikinta sanyaya baƙin mai. Tiyo biyu ke haɗa ta da gidan filta, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne bututun ƙarfe ne da guntun roba da aka matse da zobe.

Wannan robar ita ke riƙe da ran injin. Man da ke ciki bai wuce lita 7 da ɗoriya ba, idan tiyon ya fashe ana cikin gudu famfo zai watsar da shi kan titi kafin ka samu wurin tsayawa. Ka ƙaddara a kan gadar Third Mainland ne, mai tsawon kusan kilomita 12. Inji ya buga, an gama. A Legas kuwa tiyon ba ya hutawa, domin sai mai ya yi zafi ake buɗe masa hanyar zuwa kulan, cunkoson Oshodi kuma zafi yake dafa shi da shi kullum.

Ni a garejin wani bakanike a Agege na gane nawa ya kusa. Ya shafa yatsa a bakin zoben, ya fito da baƙin danshi, sannan ya kama robar ya murɗa, sai ga ta tana juyawa a cikin zoben. Ya ce, "Alhaji, wannan ba gumi ba ne, sallama yake yi maka." Idan naka ya kai haka, kada ka ƙara tafiya mai nisa da shi.

Na tokunbo shi ne mafi araha a kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma ban ba kowa shawarar ya ɗaura shi ba. Robar da ta shekara 40 ta gaji, ko daga Jamus aka ciro ta. Amfaninsa ɗaya: idan ƙarfen naka ya ci tsatsa ko ya lanƙwashe, saya ka ɗauki ƙarfen ka jefar da robar.

Sabo ya fi sauƙin sha'ani idan an dace da na kirki, na kamfanin Mercedes ko na Cohline. Ana nema a Ladipo ko a kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair, wani lokaci sai an yi oda an jira. Matsalar ita ce marasa suna da ke zuwa cikin leda mai ƙyalli: ƙarfen siriri, lanƙwasar ba ta zauna daidai ba, zoben kuma ya fara zuba tun ba a je ko'ina ba. Tafi da tsohon a hannu ka jera su. Na mota mai tobo da marar tobo ba ɗaya ba ne, kada mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne, zai shiga".

Ni dai na fi son a sake ɗaurawa. Ƙarfen da ya zo da motar ya fi yawancin na yanzu kauri, kuma an riga an lanƙwasa shi daidai wurin zamansa. Masu matse tiyon haidirolik na tirela da katafila suna da yawa a wajen Apapa, za su yanke tsohon zobe, su sa sabuwar roba, su matse da inji. Amma a nan ake yin kuskuren da ya fi yawa. Mai shago zai ɗauko maka tiyo mai saƙar waya ninki biyu a jikinsa ya ce wannan giwa ma ba za ta fasa shi ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ƙarfin matsi kake nema ba, man inji ko bar 10 ba ya kaiwa. Zafi ne abin tsoro. Yawancin tiyon haidirolik na gama-gari iyakarsa digiri 100, baƙin mai kuwa yana haura haka idan mota ta sha aiki. Karanta rubutun jikin tiyon da idonka, ka nemi wanda aka rubuta 135 ko 150 kuma na man inji. Sannan tiyo mai tauri ba ya shanye girgizar inji, sai ya miƙa ta ga kulan, wanda alminiyam ne, ya tsaga shi. Faɗin ciki ya zama daidai da na tsohon. Kafin a yanka, a ja layi da fenti a ƙarafan biyu, don in aka matse su a karkace ba gyara. Bayan an gama a wanke ciki a busa iska, kada ɓarɓashin roba ya bi mai zuwa cikin inji.

Tiyon ruwa ko na fetur da kilif, wannan na fitar da mota daga kan titi ne zuwa gareji, ba na zama ba.

Ko wanne ka zaɓa, inda ake asarar kuɗi shi ne wurin kwancewa. Notin ƙarfe ne, zaren kulan alminiyam, shekaru sun manne su. Idan yaron gareji ya sa sifana ɗaya ya finciko, zaren zai biyo notin, ka koma kasuwa neman wani kulan mai gaba ɗaya. A jiƙa shi da man kwance noti tun daren jiya, a riƙe da sifana biyu, a bi a hankali. Wurin ɗaurawa a fara da hannu sai ya shiga sumul.

Ka sa a duba kujerar inji ta hagu ma, wato robar da injin ke zaune a kai. Idan ta lotse, inji yakan sauko har bel ɗin sitiyari ya riƙa gugar tiyon, sabo ma zai yanke. Da an gama a cika mai, a yi tafiya har kulan ya ɗauki zafi a hannu, a dawo a shafa farin ƙyalle a bakin kowane zobe, sannan a sake auna mai, domin kulan da tiyon sun sha nasu kason.