Irin Yalo: Na Gida Ko Na Haɗin Aure?

Masu lambu da dama suna tambayata ko su ci gaba da ajiye irin yalonsu, ko su sayi irin haɗin aure mai alamar F1, wato ƙwayar farko da ake samu idan aka haɗa yalo iri biyu daban. Ta fuskar kuɗi, na gida ba ya cin komai sai haƙurin barin 'ya'yan su nuna sarai, a wanke ƙwayar a shanya ta a inuwa, na F1 kuwa sai an saya duk shekara.

Babban bambancin yana wajen gadon halaye. Furen yalo yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka siffar ɗa da launinsa da girmansa suna bin uwa ƙwarai, kuma wanda ya tsinci iri daga shukoki mafi kyau zai ga ladan zaɓensa. Yawan amfani kuwa ya fi rataya ga ruwa da taki da ɓarnar ƙwari, shi ya sa ba na son a yi zaɓe da shi kaɗai. F1 yana ba da 'ya'ya bai ɗaya, amma idan aka sake shuka ƙwayarsa sai halayen su rarrabu, wannan dogo, wancan kewayayye.

Mai noman kasuwa da ke da jari da ruwan rani, F1 ya fi dacewa da shi. Mai ƙaramin lambu da ke sayar wa mutanen garinsu ɗanɗanon da suka saba da shi, na gida ya fi masa.